Littafin da Ya Bi Shanu

Ranar wata Asabar da hantsi, a kakar shekarar da na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare, farkon shekarun dubu biyu ke nan, ina zaune bisa tarin karan dawa a gonarmu ta bayan Zugu, na karanta shafin ƙarshe na wani littafi da ƙarfi, na rufe shi. Sambo, abokina Bafulatani, yana tsaye gabana ya dogara da sandarsa, baki buɗe. Ya jira in ci gaba, ban ci gaba ba. Sai ya ce, "To, mi yab biyo baya?" Na ce masa nan littafin ya tsaya, mai shi ya ce a nemi na biyu. Sambo bai yarda ba. Ya fizge littafin daga hannuna, ya duba gabansa ya duba bayansa, ya kama shi ta gindi ya kakkaɓe, ko sauran labarin zai faɗo. Yana cikin wannan bincike shanunsu suka gangara kan harawar waken maƙwabcinmu, muka zubar da littafin muka bi su da gudu.

A lokacin, duk shekara da zarar an gama yankan dawa an kai damma gida, baban Sambo, wanda muke kira Baffa Dikko, yakan iso da garkensa ya kafa ruga a tsakiyar gonarmu. Shanu su ci kara, su kwana a wurin, su bar mana taki. Babana ya aika musu da hatsi, su kuma matansu su riƙa shigo wa Inna da nono da man shanu. Tun kakanninmu haka ake yi, ba wanda ya taɓa zama ya tsara shi. Idan kara ya ƙare, tafkin bayan gari ya kafe, sai su ɗaure kaya su yi kudu neman ruwa da ciyawa, ba mu sake ganinsu sai wata kakar. Ni da Sambo sa'o'in juna ne. Shi ya koya mini tatsar saniya ba tare da na sha shuri ba, ni na koya masa langa, har ya fi ni. Boko kam bai taɓa shiga ba, kuma bai ga abin da ya rasa ba sai da littafin nan ya zo.

Littafin ya iso hannuna ne a makaranta, bayan ya ratsa hannaye da yawa. Bangonsa ya tafi, shafin farko ya tafi, akwai tabon miyar kuka a tsakiyarsa, saboda haka ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta shi ba. Labarin wani saurayi ne, Ɗanjimma, yaron marina, wanda ya zame ya faɗa cikin ramin rini, ya ɓulla a wani birni na ƙarƙashin ƙasa. Mutanen birnin ba su da inuwa, domin sarkinsu ya tattara inuwoyinsu duka ya toshe cikin wani gora, kuma duk wanda aka raba da inuwarsa sai ya fara mantuwa, har ya manta sunan 'ya'yansa. Can Ɗanjimma ya gano cewa inuwar mahaifiyarsa ma tana cikin goran, shi ya sa ta daina gane shi a gida. Ya sha wuya iri-iri kafin ya kai ga ɗakin da aka ajiye goran. Ya ɗora hannu bisa marfin, sai wata murya daga ciki ta kira sunansa. Nan marubucin, Allah Ya shirye shi, ya ajiye alƙalami.

Ni kuwa a karatun Hausa ba na jin tsoron kowa a ajinmu, kuma ba na ɓoye hakan. Idan ina karatu ina canza murya: ta sarki daban, ta tsohuwa daban, ta aljani kuwa daga maƙogwaro nake jawo ta. Lokacin tara yara kan bar ƙwallon tsumma su kewaye ni gindin dalbejiya. Amma duk cikin masu saurarona babu kamar Sambo, domin shi ba ya barin abu ya wuce. Ranar da muka zo kan maganar birnin da ba inuwa, ya tsayar da ni ya ce, "To su da mi suka gane azahar ta yi?" Ban taɓa tunanin haka ba. Tun daga ranar na ƙara girmama shi, da muka gama na farko kuma na yi masa alkawari da bakina cewa littafi na biyu tare za mu ji shi, ba zan riga shi ko da shafi ɗaya ba.

Neman littafin da ba ka san sunansa ba aiki ne. Na yi ta kalar gyaɗa a gonakin da aka gama cira, na sayar, na roƙi yayana Lawwali mai kabu-kabu ya ɗauke ni ranar kasuwar Bukkuyum. Akwai wani dattijo mutumin Gummi da ke shimfiɗa littattafai bisa tabarma kusa da 'yan turare. Ya tambaye ni sunan littafin, na ce ban sani ba. Ya tambayi marubucin, na ce shi ma ban san shi ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To mi kaz zaka saye, yaro?" Sai na gyara tsayuwa na fara ba shi labarin tun daga ramin rini, da muryoyin duka. Kafin in kai ga goran, masu sayen turare sun juyo, wata mai tallan ƙosai ta sauke farantinta. Dattijon ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Na gane shi. Na biyunai ya hito, amma sai na tahi Gusau saro kaya. Ka bar sallahu wurin yayanka."

Daga nan sai jira. Kowace ranar kasuwa ina tare Yaya Lawwali tun daga bakin gari, shi kuma ya girgiza mini kai tun bai kashe babur ba. Abin da ya fi damuna shi ne karan gonarmu yana ta ƙarewa, ruwan tafki yana ja da baya yana barin taɓo. Na san abin da wannan ke nufi. Sai na shiga dabara. Da an tashi makaranta, in ɗauki igiya in bi gonakin da ba shanu, in ɗauro kara in kai ruga, wai don garke ya ƙara kwana. Ni ɗaya, da kaina da wuyana, nake son ciyar da garken da ya cika gona. Inna ta gan ni na dawo da ƙaiƙayi har cikin kunne, awakinmu kuwa suna kuka ban yanko musu komai ba, ta ce, "Wanga yaro, shanun Dikko sun samu bara, awakin uwarka sun zama marayu." Baffa Dikko ya gane abin da nake yi. Ya yi mini godiya, ya kuma gaya mini gaskiya cewa ba kara ne zai tashe su ba, ruwa ne.

Littafin ya iso da safiyar ranar da suke tashi. Dattijon ya ba wani direba, direban ya ba Yaya Lawwali, shi kuma ya miƙo mini ina bakin rijiya da guga a hannu. Sabo fil, da bangonsa, da hoton Ɗanjimma riƙe da gora, yana ƙanshin sabuwar takarda. Na so in buɗe, Allah Ya sani na so, amma na cusa shi cikin riga na sheƙa gona. Na tarar an kwance bukkoki, an ɗora ƙore da tabarmi bisa jakuna, an ɗaure 'yan maruƙa. Babana yana wurin yana sallama da Baffa Dikko. Na gaishe su na ce, "Baba, ka bar ni in raka su." Ya dubi littafin da ya leƙo daga wuyan rigata, ya dubi Sambo, ya ce, "Tahi. Amma bakin gulbi ka tsaya, kak ka kuskura ka ƙetare."

Haka na karanta littafi na biyu, a tafe, bayan shanu. Sambo ya riƙe gefen rigata yana ja na hagu da dama don kada in taka ƙaya ko in faɗa rami, ni kuwa idona na kan takarda. Kuma wallahi na biyun ya fi na farko. Muryar da ta kira Ɗanjimma ashe inuwarsa ce shi kansa, an sace ta tun ranar da ya faɗo, shi ma ya fara mantuwa bai sani ba. Sai ya riƙa ɗaura ƙulli a bakin rigarsa, kowane ƙulli da abin da yake tuna masa. Da muka zo inda ya shafa ƙullin farko ya rasa ko na mene ne, ƙannen Sambo suka matso. Wata gwaggonsa ta rage tafiyar jakinta tana cewa a fassara mata da Fulatanci. Maƙogwarona ya bushe, aka miƙo mini nono a ludayi, na kurɓa na ci gaba. Na yi sauri iyakar iyawata, har na daina canza muryoyi, Sambo ya ce in mayar da su, shi ba ya son sarki da muryar tsohuwa.

Rana ta karkata muka iso gulbi, saura babi biyu. Shanun gaba sun riga sun shiga ruwa, kuma garke ba ya jiran kowa. Na tsaya bisa yashi da yatsana cikin littafin. Idan na koma da shi gida, kafin la'asar ta gobe na san ƙarshen Ɗanjimma, Sambo kuwa sai baɗi. Ni ina da makaranta, ina da kasuwa, ina da Yaya Lawwali. Shi ba shi da kowa a wannan harka sai ni, ga shi kuma an ce kada in ƙetare. Ban yi dogon tunani ba. Na lanƙwashe kunnen shafin da muka tsaya, na miƙa masa na ce duk garin da suka sauka ya nemi mai karatu ya ƙarasa masa. Ya ce, "Kai fa?" Na ce in ya dawo ya ba ni. Ya naɗe littafin cikin hularsa, ya ɗora a ka, ya kama wutsiyar wata saniya ya shiga ruwa. Na juyo gida ni kaɗai, ina jin kaina kamar wani babban mutum, ina kuma share hawaye.

Shekarar nan na sha gwaji. Kafin damina wasu 'yan ajinmu sun samo littafin, suka riƙa bi na suna cewa bari su gaya mini yadda aka ƙare. In toshe kunnuwa in ruga, su biyo ni suna dariya. Har faɗa na yi da wani a bayan aji saboda ya fara cewa "ai sarkin nan", ban bari ya ƙarasa ba. Malaminmu ya tambayi dalilin faɗan, da ya ji sai ya rasa wanda zai buga.

Da kaka ta zagayo, garke ya iso, Sambo ya ƙara tsawo, littafin kuwa babu. Wani tela ne a can kudu ya karanta masa, Sambo kuma ya riƙa kai wa telan nono, daga baya 'yar telan ta riƙe littafin ta ƙi bayarwa. Sambo ya hau tarin kara inda na saba zama, ya ce in tsaya ƙasa. Ya ba ni babi biyun nan da ka, da muryoyin duka, tasa muryar aljanin ma ta fi tawa ban tsoro. Na ji yadda Ɗanjimma ya fasa goran, inuwoyi suka watsu kowace tana neman mai ita, da yadda wata farar saniya ta fito da shi daga ƙarƙashin ƙasa yana riƙe da wutsiyarta, da yadda ya shiga gida uwarsa ta ɗaga kai ta kira sunansa. Na ce masa anya akwai saniya a littafin nan? Ya harare ni ya ce, "Kai anka karanta ma ko ni?" Na ci gaba da saurare.

Yanzu ina koyarwa a Gusau. 'Ya'yana a waya suke karatu, suna gama kashi na ɗaya na biyu na jiransu, ba su san zafin jiran ranar kasuwa ba. Gonarmu ta bayan Zugu ba kullum ake iya zuwa ba, ruga ta daina sauka, takin buhu ake saye, kuma hanyar gulbin nan ba uban da zai ce wa ɗansa ya bi ta shi kaɗai. Ban san inda Sambo yake ba, ina dai yi masa addu'a, ina kuma kewarsa. Wani ɗalibina ya taɓa cewa zai nemo mini littafin in duba ko da saniyar a ciki, na ce ya bar shi. Ƙarshen da Sambo ya kawo mini shi na sani, kuma ya ishe ni.