Fankar Kakata da Gaisuwar Babana

Shekarun baya, lokacin ina saurayi kuma ina ganin babu injin da zai gagare ni a Madina, mahaifina yana da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Shi yana ce mata a-kori-kura, mu yaran da aka haifa a nan muna cewa wanet. Wani kafinta ɗan Sudan ya ƙera mata ɗaki a baya, da katifa da taga da fanka mai aiki da batirinta daban. A cikinta muke zuwa Makka umra, kuma da rana, domin Baba ba ya gani sosai idan duhu ya yi.

Matsalar ita ce batirin fankar. A gida ake cika shi, rabin hanya sai ya mutu. A wata tafiya da muka yi da kakata, mahaifiyar Baba, fankar ta tsaya kafin Badar. Ɗakin ya koma tanda. Muka yi ta yi mata fifita da kwali har hannuna ya kusa cirewa, amma duk da haka a kwance ta isa Makka, ko ɗawafi ba ta yi ba. Baba ya ce, "Halas, shi ke nan. Inna ba ta ƙara hawa motar nan."

Kaka ba ta yi masa gardama ba, ni ta tasa a gaba. Kun san wasan jika da kaka: maigida take ce mini.

"Maigida, kai wane irin miji ne? Kullum hannunka baƙi da man inji, ka kwance rediyo, ka kashe agogo, amma iska ta gagare ka ba matarka?"

Na ce, "Ke ai kin tsufa, sabuwa zan nema."

Ta yi dariya. Can ta ce, "Ina so in sake ganin Ɗakin Allah da ƙafata." Wannan kam ba wasa ba ne.

Yayan abokina yana da shagon gyaran wutar mota a unguwar Anbariyya. Na dame shi da tambaya har ya gwammace ya amsa mini don in tafi. Ya ce dainamon mota, wanda ke cika batirin gaba idan inji yana aiki, zai iya cika na baya ma, in an ja waya mai kauri an haɗa su. "Amma ka sa makunni. Da an kashe inji ka raba su, in ba haka ba fankarka za ta shanye duka biyun."

Na ja waya, na sa makunni, na roƙi Baba mu gwada da Kaka a cikin gari. Fanka ta yi ta gudu kamar za ta ɗaga ɗakin sama. Ina zaune a gaba ina hura hanci.

Sai muka bi ta unguwar Bani Harisa, Baba ya hango wani amininsa ɗan Chadi a ƙofar gida. Ya kashe mota ya ce, "Mu gaisa kawai."

Wanda bai san mutanenmu ba zai ɗauka gaisuwa sallama ce da musafaha. Ina! An tambayi gida, an tambayi gajiya, an tambayi zafi, an tambayi dangin da aka baro a ƙasashenmu, an yi ta'aziyyar mutanen da suka rasu tun kafin a haife ni. Aka janyo ni ciki in durƙusa in gaida kowa. Aka kawo shayi, aka kawo dabino, aka ce ai shinkafa ta kusa. Wa ke tuna makunni ana cikin wannan? Kaka tana mota ta yi barcinta a iska, tsohon batirin baya kuma yana tsotsar na gaba.

Da Baba ya murɗa mabuɗi, motar ta yi wani ɗan nishi irin na akuya mai mura, ta yi shiru. Mu muka tura ta, har da mai gidan da jallabiyarsa. Kaka tana leƙowa ta taga tana cewa, "Ku ƙara ƙarfi, iskar nan ta fi ta fanka!"

Baba bai yi dariya ba. "Ka cire wayar nan. Da a jeji ne fa?"

Na ce, "Ɗayyib," wato to, amma ban cire ba. Na zauna na yi tunani. Wayar ba ta da laifi, kuma babu mai iya gajarta wa Baba gaisuwa. Abin da ake bukata shi ne makunnin da ba ya shiga gida gaisuwa. Sai na lura rediyon motar yana mutuwa da zarar an zare mabuɗi. Na koma Anbariyya da gudu. Yayan abokina ya saurare ni, ya buɗe aljihun tebur ya jefo mini katawit, wani ɗan akwati da ke haɗa waya idan wuta ta shige shi, ya raba ta idan wutar ta ɗauke. Na cire makunnin, na sa shi a wurin, na ba shi wuta daga wayar rediyo. A murɗa mabuɗi, ƙas, batura sun haɗu. A kashe, ƙas, sun rabu.

Na nuna wa Baba har ya gaji da jin ƙas-ƙas. Daga ƙarshe Kaka ce ta rufe maganar: "Ni na yarda da aikin mijina. In ba ka kai ni ba, shi zai tuƙa."

Muka ɗaura harami a mikatin Abyar Ali muka kama hanya. Rana tana dukan kwalta, fanka tana juyawa, Kaka tana talbiyya da murya har muna ji daga gaba. Muka wuce inda fankar ta mutu a bara, na buga gilashin baya na ce, "Tana nan?" Ta ce, "Har sanyi nake ji!"

Bayan Badar muka tsaya sallah a wata gahawa, wurin shan shayi na bakin hanya. Muna sallamewa sai na ji wani daga bayanmu ya ce, "A'a! Wa nake gani haka?" Mota guda ce cike da mutanen Damagaram mazauna Jidda. Aka shimfiɗa tabarma.

Ban taɓa ganin gaisuwa mai tsawon wannan ba. Ina jin har raƙuman da ke kiwo a gefe an tambayi lafiyarsu. Ni kuwa ina zaune cikin harami ina zufa, kunnena yana kan fankar da ke ta aiki a mota. Idan katawit ɗina ya ci amana, babu mai tura mota a wannan rana, kuma Kaka ba za ta jure ba.

Da aka gama addu'ar rabuwa, Baba ya shiga ya kalle ni, ya ce bismillahi, ya murɗa. Inji ya tashi da ruri tun kafin ya saki mabuɗin. Na yi kabbara da ƙarfin da ya sa mai gahawa ya fito da gudu. Fankar da ta fara kasala ta farfaɗo kafin mu hau kwalta sosai. Sai da muka yi nisa sannan Baba ya ce, "Ba laifi." A bakin Baba, wannan lambar girma ce.

Kaka ta sauka a Makka da ƙafarta. A ƙofar Harami ta tsaya, idonta ya cika da hawaye, ta miƙa hannu ta ce, "A riƙe ni." Baba ya matso. Ta ce, "Ba kai ba."

Ni na riƙe ta har ta gama ɗawafi. Na gyara abubuwa da yawa a rayuwata bayan haka, manya da ƙanana, amma babu wanda aka biya ni ladansa kamar wannan. Har yau, idan na shiga wurin, ina jin nauyin hannunta a kafaɗata.