Bokitin Bunu a Ramin Marmara

Duk wanda ya saba bin hanyar Haɗeja zuwa Malam Madori da sassafe ya san Malam Bunu Safiyanu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai tsohon babur, wanda kullum ake gani da buhun toka ɗaure a bayansa. Maƙwabcina ne shekara goma sha ɗaya, kuma yawancin abin da zan faɗa daga bakinsa na ji, saura daga bakin matarsa Zulaihat, wadda ta fi shi riƙe labari.

Asalinsa mutumin Guri ne, ɗan masunci. Cikin kwalekwale ya yi wayo. Da ciyawar kacala ta fara toshe hanyoyin ruwa, kifi ya ja baya, samari suka bazu neman abinci. Bunu yana da shekara ashirin da biyu ya hau motar shanu zuwa Filato, ya shiga haƙar kuza.

A shekararsa ta biyu ciwo ya kama shi. Ya ɗashe, ƙafafunsa suka kumbura, in ya ɗaga diga sau goma sai ya zauna yana haki. A asibiti aka ce masa tsutsa ce, irin wadda take fitowa daga bahayar mutum, ta zauna cikin damshin ƙasa, ta shiga jikin wani ta tafin ƙafa ta riƙa shan jininsa. Ya sha magani ya warke, amma bai koma ramin da ya baro ba. Ya nemi aiki wajen wani dattijo mai suna Luka, wanda ake cewa mutanensa ba su cika kwanciya ciwo ba.

Ranar farko, kafin Luka ya ba shi diga, sai ya kai shi wani lungu can ƙarshen rami. Akwai bokiti mai murfi, da gwangwanin toka, da jarkar ruwa da sabulu.

Luka ya ce, "Ɗan Haɗeja, ramin nan ɗakinmu ne. A nan muke wuni, a nan muke cin abinci. In ta matsa maka, nan za ka zo. Ka gama, ka zuba toka, ka rufe, ka wanke hannu. Da yamma mai aikin ranar ya fitar. Ni ma ina cikin layi, ranata Talata."

Shekara tara Bunu ya yi tare da shi. Rasuwar mahaifinsa ce ta dawo da shi gida. Ya zauna a Haɗeja, ya auri Zulaihat, da damina yana noman shinkafa a fadama, da rani kuma ya shiga ramukan marmara na Tudun Jaɓa, inda ake tono jan dutsen da magina ke zubawa a tushen gini.

Marmarar wurin tana can ƙasan rairayi. Sai an haƙa rami kamar rijiya, gaba bakwai ko takwas, sannan a karkata a yi ta bin dutsen ta gefe, mutum a durƙushe da fitila a goshi. Ana sauka da igiya, ana fitar da dutse da guga. Ramuka takwas ne, kowanne da mutum biyar ko shida, kuma dukkansu suna ƙarƙashin Tukur, wanda ake kira sarkin rami: ƙaƙƙarfan mutum, mai adalci wajen rabon aiki, amma ba ya son a koya masa abin da yake ganin ya gada.

Tun saukarsa ta farko hancin Bunu ya gaya masa halin da ake ciki. Hawa da sauka na cin lokaci da ƙarfi, saboda haka wanda ya matsu sai ya shiga wani tsohon lungun da aka gama cin dutsensa. Ƙasan ramin kuwa ba ya rabuwa da damshi, don ruwan ƙasar nan kusa yake, kuma kowa ƙafarsa ba takalmi. Da azahar a sauko da ƙosai da fura, a ci da hannun da aka yi aiki da shi. Ya dubi abokan aikinsa ya ga irin ɗashewar da ya taɓa gani a jikinsa. Su kuwa sun sa wa abin suna ciwon rami, wai mutanen ɓoye ne ke karɓar rabonsu daga jinin mai tono.

Ya sami Tukur a gindin wata kanya inda yake ƙirga guga.

"Sarki, akwai maganar da nake so mu yi. Lungun nan da ake kewayawa, shi ke cin mutanenka."

Tukur ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Bunu, na san ka yi Filato. Amma ni ban taɓa jin shugaban da ya bi magidanci ya nuna masa inda zai tsuguna ba. Kuma in an tara a bokiti, wa zai ɗauka? Akwai ɗan halak a nan da zai yarda a ce da shi mai kwasar kashi?"

"Ni zan ɗauka."

"To ga raminka can. Ka yi abin da ka ga dama a ciki. Kada ka shigar mini da saura."

Washegari Bunu ya zo da bokitin fenti mai murfi, da tokar murhun Zulaihat, da buta biyu, da sandar sabulu. Ya zaɓi lungu busasshe nesa da inda ake aiki, ya rataya buhu a bakinsa don sutura. Tsohon lungun kuwa ya zuba masa toka ya toshe shi da duwatsu. A sama, can bayan tudu inda ruwa ba ya kwanciya kuma ba kusa da ko wane rami ba, ya haƙa masai ya yi masa daɓe da murfi, ya kewaye da zana. Kwana huɗu yana wannan aiki bayan an tashi, shi kaɗai.

Mutum huɗun da ke raminsa sun bi shi ne don kunya kawai. Kullum da la'asar shi ne na ƙarshen fitowa, da igiya ta dabam wadda ba a taɓa ɗaura mata gugar dutse ko ƙwaryar abinci. Ya jawo bokitin, ya kai masai, ya wanke, ya shanya. Mutanen sauran ramuka su jeru suna kallo. Aka sa masa suna Bunu Mai Bokiti. Mai shayin wurin ya ware masa kofi. Sunan ya biyo shi har cikin gari, har wata rana Zulaihat ta dawo daga gidan biki ranta a ɓace.

"Malam, yau na miƙa wa wata ruwa ta ce ta ƙoshi. Na san dalili."

"Kina so in bari?"

Ta ce, "Ni nake wanke kayanka. Na san yadda suke a makon farko, na san yadda suke yanzu. Kada ka bari. Amma ka bar ni da matan."

Abin da ta yi bai da yawa. Matan masu tono suna haɗuwa wajen sussukar shinkafa, kuma a nan ta riƙa jefa tambaya ɗaya: in maigidanki ya dawo, me kike samu a ƙafar wandonsa? Ba wadda ba ta san amsa ba. Adila, matar Tukur, ta ce ita ta daɗe da ware bahon wankin kayansa, don ba ta yarda a haɗa da na yara ba. Wata ta ce mijinta da kayan nan yake salla a bakin rami. Daga nan maganar ta shiga gidaje.

Shi kuma Bunu ya tafi ƙaramin asibitin da ke kusa da Tudun Jaɓa, ya sami ma'aikaciyar lafiya mai suna Jumai, 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a ƙasar Haɗeja. Ya kwashe labari ya gaya mata.

Ta ce, "Baba, shekara uku ina ba mutanen nan maganin ƙarin jini, su tafi su dawo. Ba wanda ya taɓa gaya mini abin da ke ƙasa. Ka kawo mini na raminka tukuna."

Ya kai su. Aka duba, aka sami tsutsa a jikin uku daga cikin huɗu. Ta ba su magani, ta ce su nemi takalmi ko na roba ne. Bunu ya bi ta kasuwar Haɗeja ya samo musu.

Ba a yi wata biyu ba bambanci ya fito fili. Ramin Bunu, wanda a da yake na shida ko na bakwai wajen cika tifa, ya koma na ɗaya. Mutanensa suka daina kwanciya da rana tsaka. Tukur shi ke ƙirga guga, don haka shi ya fara gani, amma ya ci gaba da ƙirgarsa kawai. Abin da ya karya shi ya faru ne wata Laraba: wani magidanci daga rami na uku ya kamo igiya zai fito, ya zo rabi hannunsa ya mutu. Da ƙyar aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka jawo shi. Jumai ta duba shi ta ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, kuma tsutsar nan ce.

Bayan kwana biyu, da aka sauko daga Juma'a, Tukur ya zo ƙofar gidan Bunu. Ina zaune a wurin. Ya daɗe yana zancen farashin taki da ruwan bana kafin ya iso inda ya nufa.

"Adila ta ce in ban zo na same ka ba, in nemi mai wanke mini kaya. Kuma na ga abin da na gani. Bokiti nawa ake bukata?"

"Goma sha huɗu, ban da ramina. Kowane rami biyu, ɗaya na ƙasa, ɗaya na shan rana. Amma Sarki, bokiti ba shi ne wahalar ba. Ni kaɗai ba zan iya rami takwas ba. Sai an yi layi, kowa da ranarsa."

Tukur ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Sa ni ranar farko."

Ran Asabar da la'asar mutum arba'in da 'yan kai suka tsaya suna kallon sarkin rami ya jawo bokiti da hannunsa, ya ratsa ta tsakiyarsu zuwa bayan tudu. Ba wanda ya yi dariya. Da ya dawo ya tsuguna ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya miƙe ya ce, "Gobe ran Ja'afaru ce a ramina. Kowane rami ya tsara nasa ya kawo mini. Wanda ya fi ƙarfin bokiti ya fi ƙarfin igiyata."

Mutum biyu suka bar aikin a makon nan, suka ce ba da su ba. Ɗaya ya dawo bayan wata guda. Ɗayan ya koma sayar da kankana, kuma har yau in ya haɗu da Bunu ba ya miƙa masa hannu.

Jumai ta zo da kanta har bakin ramuka, ta shimfiɗa tabarma a gindin kanya ta raba wa kowa magani, ta kuma rubuta ranar da za ta dawo. Aka ƙara masai biyu. Aka yi doka cewa abinci ya daina sauka ƙasa, a fito a wanke hannu a ci a inuwa. Tukur ya yi gunaguni a kan lokacin da hakan zai ci, amma a ƙarshen rani tifofin da suka cika sun fi na bara.

Da damina ta kama ana rufe ramukan, kowa ya koma gona. A wata shekarar da ruwa ya yi yawa, amai da gudawa ya ɓulla a wasu ƙauyukan yankin, har da inda wasu masu tonon ke zaune. A lokacin ne aka ga inda abin ya kai. Mutanen Tudun Jaɓa sun riga sun tafi da ɗabi'ar gida: masai mai murfi a kan tudu, toka a gefe, buta da sabulu a ƙofa. Jumai ta gaya mini da bakinta cewa gidajensu ne suka fi ƙarancin kawo mata marar lafiya. Bayan ruwa ya janye, masu haƙa rijiya daga wajen Guri suka aiko a tambayi Bunu yadda ake yi, ya hau babur ya je ya kwana biyu yana nuna musu.

Yanzu ya ba sittin baya, gwiwa ta hana shi sauka rami. Tukur ya ba shi aikin duba igiyoyi da bokitai, kuma duk sabon mai tono sai ya bi ta hannunsa kafin a ba shi diga. Gidaje shida na unguwarmu ke tara masa toka.

Makon jiya na same shi a zaure da tsohuwar tayar mota da wuƙa, yana yanka yana gwadawa a ƙafarsa. Takalmin roba na kasuwa ba ya wuce wata biyu a kan marmara, kuma da zarar ya yage sai mutane su koma tafiya haka nan. Ya ɗinka takalmin taya ƙafa uku ya ba wasu su gwada, biyu sun tsinke ta wajen diddige. Ya ce yana ganin laifin zaren ne, kuma akwai wani baduku a Malam Madori da aka ce yana da mai ƙarfi, ran kasuwa zai je ya same shi.