Gonata a Hoton Ɗan Takara

"Sale, ashe ka sayar da gonar ubanka?" Haka Baffa ya tare ni da safe, ya miƙo min waya.

Na karɓa na duba hoton. Ɗan takara ne tsaye cikin gerona na Zango, fartanyata a kafaɗarsa, an rubuta wai gonarsa ce.

Satin jiya mai yi masa aikin yaɗa labarai ya roƙe ni su ɗauki hoto a gonar, na yarda.

Na kira mai yaɗa labaran. "Yallaɓai, gonata ce fa."

Ya yi dariya. "Ɗan'uwa, shekara ashirin ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa tambayar gonar waye."

To, ni dangina sun tambaya, har sun sa zama ranar Juma'a. Jama'a, me zan ce musu su yarda?