Ɗiyar Farin Inna Zulai

Duk wanda ya zauna Faskari a shekarun da arzikin mai ya shigo ƙasa ya san gidan Goggo Safara'u, ko da bai taɓa leƙa zaurensa ba. Gidan ƙasa ne, da tsamiya a tsakiya, ɗakuna sun yi mata zobe. Ba asibiti ba ne, ba kuma wanda ya taɓa kafa masa allo. Tsofaffi ne a ciki, irin waɗanda tsufa ya ruɗa, har mutum ya rantse bai ci tuwo ba alhali miya ba ta bushe a hannunsa ba.

Ba shiri ta yi ba. Uwar mijinta ce ta fara ruɗewa, Safara'u ta riƙe ta har ta cika. Mijin, Malam Mani, bai daɗe ba ya bi uwar. Allah bai ba su haihuwa mai tsayawa ba, sai ga ɗakuna ba kowa. Daga shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, samari suka fara watsewa, wasu masaƙun Kaduna, wasu aikin titi, wasu har Ikko. Mai tsoho lafiyayye sai ya bar shi da gona da jikoki. Wanda nasa ya ruɗe kuwa, ɗakin haya guda a birni ba ya ɗaukar irinsu. Sai aka fara sallama a zauren Safara'u, murya ƙasa-ƙasa. Ba mai cewa ya kawo uwarsa ajiya. "Baƙunta ta zo, kwana biyu," haka ake faɗi. Ita ma haka take karɓa, ba ta kuma tambayar ranar da baƙuntar za ta ƙare.

Tambayarta daban ce. "Da hantsi, mi hannunta ke yi? Da wane suna take amsawa, na yanka ko na gida? Kunu take so ko fura?" Sai ta ji waɗannan kafin ta nuna ɗaki.

Baba Audi na Ruwan Godiya ya manta sunayen ɗiyansa duka, amma in an aje masa ɓawon rama sai ya naɗe wando ya kama tufka a cinya, ba ya ɗaga kai sai azahar. Goggo Asibi, Bamagujiya daga wajen Daudawa, kuka take kwana yi a makon da aka kawo ta. Da aka damƙa mata mazari da auduga sai ta share hawaye, ta ce wannan audugar ba a gurje ta da kyau ba, wane rago ne ya yi aikin? Mai taya Safara'u ɗawainiya ita ce Lidiya, wata bazawara daga ƙauyen su Asibi, mai ƙarfin hannu da saurin baki. Ranar da ta fara aiki Safara'u ta ce mata, a gidan nan ba a ɗaure mutum, ba a kulle mutum, kuma ba a ce wa tsoho "ka manta ne?"

Duk da haka, a cikin waɗanda take wankewa take ciyarwa babu wanda ya riƙe sunanta. Kullum gari ya waye baƙuwa ce. Baba Audi yakan yi mata tayin igiya, Asibi takan tambaye ta ko matar wa ce. Idan kowa ya ci, sai ta ɗauki ƙwaryarta ta zauna gindin tsamiya ita kaɗai.

Wata rana da rani wata a-kori-kura ta tsaya ƙofar gida. Ƙanenta Bilya ne, autansu, wanda ya samu tuƙin tifa a wani kamfanin titi. Ya durƙusa a zaure ya gaishe ta, yana ta juya hula a hannu.

"Yaya, Inna ce. Tun rasuwar Baba sai a hankali. Jiya a bakin rijiya aka tsinto ta. Ni kuma za a mai da mu Kaduna."

Safara'u ta leƙa. Inna Zulai na zaune gaban mota, ta ƙanƙance, ta rungume ƙullin kayanta.

Safara'u ɗiyar fari ce. Da aka yaye ta a ƙauyensu na wajen Sabuwa, sai ƙanwar ubanta ta goye ta zuwa Mabai, can ta tashi, can aka yi mata aure. Uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa dubanta ido cikin ido ba. In Safara'u ta je gida da salla, a bakin ƙofa take durƙusawa daga waje, ta gaida ɗakin, kanta a sunkuye, uwar ta kau da kai ga bango ta amsa ta bakin wani. Haka kunyar ɗan fari take, ba wanda ya ga aibu, ita ma ba ta gani ba. Amma yau da ta buɗe baki za ta yi wa Bilya tambayar da take yi wa kowa, sai ta ga ba ta san ko ɗaya daga amsoshin ba.

"Daddawa," in ji Bilya da ta tambayi abin da hannun Inna ke yi. "Sana'arta ke nan tun ina yaro."

Aka sauko da tsohuwa. Safara'u ta tsaya nesa kamar yadda ta saba. Sai Inna Zulai ta dube ta, kallo sosai, ta yi murmushi.

"Baiwar Allah, kama ni mana, ƙafar ta sage. Ke ce mai gidan? Kai, tsamiyarku ta yi ɗiya."

Ta miƙo hannu. Safara'u ta kama. Hannun ba nauyi, busasshe, da ɗumi. Ta riƙe ta har suka isa ɗaki.

Aka samo kalwa. Kullum da hantsi su biyu suke zama tabarma ɗaya suna tsinta, tsohuwa na zuba hira. Ashe mai ban dariya ce. Takan kwaikwayi tafiyar mijinta in ya dawo kasuwa ba riba, takan zagi wata maƙwabciya da ta mutu tuntuni. Ta dubi kan Safara'u ta ce, "Wa ke miki kitso? Ya cuce ki. Zo nan." Safara'u mai furfura ta kwantar da kai a cinyarta, yatsun tsohuwa suna tsaga gashi. Lidiya ta zo wucewa da tulu, ta ga haka, ta yi sauri ta shige.

A nan cikin kitso ne tsohuwa ta rage murya.

"In gaya miki wani abu, kar ki gaya wa kowa. Ina da ɗiya. Safara'u. An kai ta Mabai." Ta sake faɗin sunan a hankali, kamar mai tsotsar zuma. "Nakan ce zan kai daddawa kasuwar Ƙanƙara. Ƙarya nake. Sai in ratse Mabai, in tsaya bayan danga in hango ta tana wasan ƙasa. Ba ta da ƙiba. Ban sani ba ko suna ba ta abinci."

Safara'u ba ta motsa ba. Wani abu mai ɗumi ya gangara daga idonta ya jiƙa zanen tsohuwa.

Da damina ta kusa, sai hirar ta fara juyewa. Inna Zulai ta daina kai labarin ƙarshe. Tana cikin tsintar kalwa sai ta miƙe ta ɗaura gyale, wai za ta Mabai kafin rana ta yi zafi. Da fari Safara'u takan raka ta su kewaya unguwa su dawo. Daga baya tsohuwa ta koyi sulalewa. Sabon titi kuwa ya ratsa kusa da gari, tifofi na ta zirga-zirga da tsakuwa. Rannan wani direba ya riƙo ta har gida, ya ce tsakiyar kwalta ya same ta, da birki bai kama ba da sai dai wani labarin.

Sai kuma ta ture ƙwarya. "Yarinyar ba ta ci ba, ni zan ci?" Aka dama fura, aka yi kunun tsamiya, aka yi ɗanwake, ko kallo. Wuyanta ya rame, ƙashin kafaɗa ya fito.

"Goggo, a sa sakata kawai," in ji Lidiya. "Ko ɗan zane a ƙafa, ba mai zafi ba. Na san doka ce, amma uwarki ce fa."

"Uwar wasu ban ɗaure ba, sai tawa?"

"To ki gaya mata ke ce! Mi kike jira, sai ta zama gawa?"

Safara'u ta gwada. Ta zauna gabanta ta ce, "Inna, ni ce Safara'u."

Tsohuwa ta kwashe da dariya har da tari. "Ke? Da wannan furfurar? Allah ya shirye ki, baiwar Allah, kin kusa zama sa'ata. Tawa ko haƙori ba ta gama fitarwa ba." Dariyar ta mutu, ta dubi ƙofa. "Rana na yi. Bari in tahi."

Safara'u ta fito ta tsaya tsakar gida. Baba Audi na bakin zaure, idonsa na wani wuri, cinya da tafin hannu na ta aikinsu ba tare da sun nemi izininsa ba. Ta daɗe tana kallonsa. Abin da jiki ya saba ba ya mantawa. Ta san abin da ya rage, ta kuma san abin da zai ci mata. Kwana biyu tana ɗaga shi zuwa gobe. Ta sake kwantar da kai aka warware kitson da bai tsufa ba, ta sake jan hira har sunan ya fito, ta saurara. A rana ta uku tsohuwa ta kasa miƙewa zaune sai da aka tallafe ta.

Washegari da hantsi Safara'u ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa gida da shi da salla, ta yafa mayafi har goshi. Ta ba Lidiya ƙwaryar fura ta ce ta shiga ta zauna. Ita kuwa ta zo bakin ƙofa daga waje, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta sunkuyar da kai. Ta gaida ɗakin da ƙaramar murya, yadda ta saba tun tana budurwa.

"Mun same ku lahiya?"

Ba ta ɗago ba. Tana jin numfashin tsohuwa, tana jin kaji na tono a bayanta.

"Baiwar Allah, shigo mana," in ji Inna Zulai. "Mi kike yi a rana?"

Safara'u ba ta motsa ba. Gwiwoyinta suka fara zafi. Can sai ta ji tabarma ta yi ƙara. Ta saci kallo ta ƙasan mayafi. Tsohuwa ta juya, ta ba ƙofa baya, ta ja gyale ta rufe gefen fuska. Da ta yi magana, muryar ba irin ta hira ba ce, wadda Safara'u ta sani ce tun fil azal, kuma Lidiya take yi wa.

"Ki ce wa waccan lahiya lau. Yaushe ta iso?"

Lidiya ta ce, "Ɗazu, Inna."

"An ba ta abinci?"

"Ta ci. Ta ƙoshi."

"Da gaske?"

"Na rantse da Allah, a gabana ta ci."

Tsohuwa ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. Ta laluba ta jawo ƙwaryar, ta ɗauki ludayi.

Daga ranar ba ta ƙara neman hanyar Mabai ba, muddin an yi gaisuwar safe. Lidiya ce ta gaji tabarmar kalwa, ita ake yi wa kitso, ita ake ba labarin maƙwabciya. In ta fito takan so ta maimaita wa Safara'u abin da aka ce, Safara'u ta ce ta bari, ga tukunya can na jira. Ita ke dafa kalwar, ita ke dama furar yadda tsohuwa ke so, da tsami kaɗan, ta miƙa a kai. Bilya ya zo da babbar salla da buhun shinkafa da atamfa, ya ga uwar ta murmure, ya yi ta godiya. Ya tambayi yayarsa wane magani ta ba ta. Ta ce fura ce.

Inna Zulai ta ga damina biyu a gidan. Ba kullum abin ke kamawa nan da nan ba. Wata safiyar takan leƙo da fara'arta, ta ga mace durƙushe a bakin ƙofa, ta ɗaga hannu.

"Ke baiwar Allah, kwana biyu ina kika shiga? Zo mu yi hira, ina da labari."

Safara'u takan ƙara sunkuyar da kai, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta jira. Wani lokaci jiran kan yi tsawo, tsohuwa na ta kira, har da roƙo. Sai ta ji tabarma ta motsa an juya ga bango, sannan ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta sa takalmi, ta tafi duba ko Goggo Asibi ta tashi.