Surukina da Famfon Mai

Motata ta farko tsohuwa ce baƙa, na saye ta a hannun wani Baturen auduga da zai koma ƙasarsu, can kafin a ba mu mulkin kai. Lokacin ina malamin gona na En'e a Makarfi, ina ji da kaina kamar ni na ƙera ta. Ita kuwa ba ta ji da ni ko kaɗan. A makon da matata za ta gama wankan haihuwar fari a gidan iyayenta a Kudan, a makon ta zaɓa ta ƙi tashi.

Na riga na aika cewa ranar Juma'a zan zo da mota in ɗauko su. Ba don matata kaɗai na ƙwallafa rai ba. Mahaifinta tun farko bai so ba ni ita ba, ya ce 'yan boko ba su da kunya. Tun daga ranar nake lallaɓa mutuncina a wurinsa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, takalmina tun daga bakin hanya nake tuɓewa.

Wani direban lori ya duba motar ya ce famfon mai ne, robar cikinsa ta yage. Na je Sabon Garin Zariya na samo wani, na ce ni zan ɗaura abina a ƙofar gida. Maƙwabcina tela, abokin wasana tun muna yara, ya yi alkawarin zuwa ya riƙa miƙo mini kayan aiki. Na jira shi har hantsi bai zo ba, sai na tuɓe riga na shige ƙarƙashin mota daga ni sai wando.

Cire tsohon bai ba ni wuya ba, na kwance bututun mai biyu da noti biyu ya fito. Wajen sa sabon ne na gane kurena. Yana da wani hannu da dole ya hau kan ƙarfen da ke tura shi a cikin inji, ni kuwa ba na gani, sai lalube. Fetur na ɗiga mini a wuya, gumi na shiga ido, ina ta bugun ƙarfe saboda haushi. Ana cikin haka na ji mutum ya tsaya ta wajen ƙafafuna.

Na ce, "Sai yanzu, ɗan banza? Miƙo mini ƙaramar sifana, ka tsaya kamar an dasa ka!"

Aka sa mini sifana a hannu. Ba ita ba ce, na wurgo ta waje na ce ko akuya ta fi shi hankali. Aka miƙo wata. Da na ji shiru sai na ɗauka tela fushin wasa yake, bakina kuwa ya buɗe. Na ce tsohon nan na Kudan zai ga aikin ɗan boko, ranar Juma'a sai na danna masa oda har kajinsa sun watse. Ban tsaya nan ba. Na kama sunan matata ƙarara, na ce kewarta ta hana ni barci, na ce ɗan nan nawa sai na ɗauke shi a kafaɗa na zaga gari da shi. Ɗan fari fa, wanda ko kallonsa ba a yi a gaban manya.

Hannun famfon ya zauna, na ɗaure noti, ina murna. Sai na ji gudun mutum, na ga fuskar tela a ƙasa daidai tawa, ya durƙusa yana cewa, "Baba, barka da zuwa! Yaya mutanen Kudan? Yaya mai jego?"

Na so ƙasa ta tsage in shige, ko motar ta faɗo mini kowa ya huta. Ashe surukina ne, kasuwa ya zo ci, ya biyo da saƙo, sallamarsa ta ɓace cikin bugun ƙarfena. Da ya ji irin maganar da nake, shi ma nauyi ya hana shi cewa ga shi.

Ban fito ba. Na janye ƙafafuna a hankali na dunƙule. Na ji ya amsa gaisuwar tela har ƙarshe, bai rage komai ba, sannan ya ce, "In maigidan ya dawo, ka gaya masa na zo ban same shi ba. Juma'ar tana nan."

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Tela ya yi dariya har da hawaye, ni ko kuka na ji yana zo mini.

Motar ta tashi. Ranar Juma'a na ajiye ta nesa da gidan, na taka da ƙafa, na durƙusa a zaure kaina a ƙasa. 'Yan'uwansa na zaune. Bayan gaisuwa ya ce, "Rannan na biyo ta gidanka, ba ka nan."

Na ce, "Eh, Baba. Na ɗan fita."