Hoton da Ke Cikin Kwamfutar Uwaisu

Duk wanda ya san bakin kasuwar Gwarzo a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a ya san shagon Uwaisu. Ni tela ne, bango ɗaya ya raba mu. Kwamfuta ɗaya gare shi da ɗan janareto mai tari, yana buga katin biki da takardun jarrabawa. Mutum ne mai son Hausanta komai, kuma abin da ya ja masa ke nan.

Abincinsa yana hannun makarantun Islamiyya, don shi kaɗai ke da manhajar rubuta Larabci har da wasali. Ba a faifai take ba. Wani ne a Kano ya kwafe faifan ɗungurungum ya dunƙule masa shi a fayil guda. Ya taɓa nuna mini: sai ya buɗe fayil ɗin, kwamfuta ta ɗauka an zura mata faifai na gaske, daga nan ya girka manhajar. Da Turanci wai sunan abin yana nufin hoto, shi kuwa sai ya riƙa ce masa "hotona".

Yana da amini, Sajo, mutumin Kabo. Kwano ɗaya suke ci. Da Sajo ya sayi tasa kwamfutar, Uwaisu da kansa ya hau babur ya je Kabo, ya kwafa masa hoton, ya koya masa buɗewa, ya girka masa komai. Na ce masa, "Kai, ka raba abincinka biyu fa." Ya yi dariya ya ce, "Sajo ne fa."

To, Sajon ne ya je wajen Malam Lukuman, shugaban malaman Islamiyya, ya ce a bi a hankali, akwai wani ƙaton hoto ɓoye a kwamfutar Uwaisu da ake buga ayoyi da ita, ba ya buɗuwa sai da dabara. Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya san abin da kunne zai ji a lokacin da ake farautar finafinan banza, ya faɗi gaskiyar tasa ya koma gefe.

Malam ya zo da la'asar, ina zaune a kan keken ɗinki. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Uwaisu, tsakaninka da Allah, akwai hoto a ɓoye cikin na'urar nan?"

"Akwai, Allah gafarta Malam, amma ba irin wanda..."

"Buɗe mu gani."

Babu wuta. Janareto ba ɗigon mai, ana tsakiyar wahalar fetur. Uwaisu ya shiga bayani yana haɗa gumi, wai hoto ne amma babu kowa a ciki, faifai ne amma ba faifai ba. Ni kaina da na san gaskiya, sai na ji maganar ba ta zauna ba. Na sa baki, Malam ya ɗaga mini hannu. Ya saka takalmansa ya ce Allah ya shirye mu.

Washegari Uwaisu ya samo mai, ya aika a kira Malam. Bai zo ba, kuma ba wanda ya sake kawo aiki. Masu katin biki ma suka ɗauke ƙafa. Kafin damina ya sayar da kwamfutar ya koma gona a Lakwaya.

Na kai masa ziyara bayan girbi. Muna zaune 'yarsa Hajjo ta dawo daga Islamiyya da takardar jarrabawa, bugun Sajo na Kabo, Larabci tsaf da wasalinsa. Ta tsaya tana murza gefen hijabi, sannan ta ce, "Baba, yara suna cewa wai kana da wani hoto. Wane hoto ne?"

Ya karɓi takardar ya duba. Ya miƙa mata ya ce, "Ga shi nan a hannunki, da shi aka buga ta. Je ki yi karatunki."