Malam Hamisu da Kaset ɗin Amurka

Ku da kuka san marigayi Malam Hamisu a Faris, na san abin da ya fara faɗo muku a rai: hular nan! Hular sanyi ce ta ulu, shuɗiya mai farin tuntu, wadda ya zo da ita daga Amurka, yake kuma ɗora ta a kan babbar riga ranar Juma'a ko a jikinsa. Bayan hula sai toshe kunne. Da zarar Janairu ya kama, in ka hango mutum a kasuwar Barbès yana tafe ƙarƙashin gadar jirgi da yatsa a kowane kunne, kai a sunkuye don kada idonsa ya faɗa kan jaridar Turanci, to ba taɓin hankali ba ne. Malam ne yake jiran kaset.

Bari in warware wa yaran yanzu. Malam Hamisu Bakatsine ne, ni kuwa Garba, Bagobiri daga Tibiri, don haka tun ranar da muka haɗu a masallacin masaukin ma'aikata na Montreuil, farkon shekarun tamanin, yake kirana bawansa, ni ma ina rama wa. Ni atamfa nake sayarwa, shi tafinta ne a wani babban ofis. A Amurka ya yi karatu, a wani gari mai sanyin tsiya, kuma can ya kwaso ciwon da bai warke ba, wato ƙwallon 'yan jami'a. Ba irin tamu ta ƙafa ba. Tasu mai siffar gwanda ce, ana rungumarta a ruga da gudu, ƙarti sanye da kwalkwali suna bin mutum suna kayarwa. A ƙarshen kowace shekara makarantun da suka yi ƙoƙari sukan buga babban wasa guda na rufe kaka. Yaran makarantar Malam kusan kullum sai sun kai wannan wasa, kuma kullum sai an lallasa su.

Talabijin ɗin Faransa ba ruwanta da wannan kokawa. Sai wata tsohuwar Baturiya da Malam ya yi haya a gidanta lokacin karatu take ɗaukar masa wasan a kaset, ta aiko ta gidan waya. Kafin ya iso an shafe wata guda. A cikin watan nan Malam ba ya sauraron rediyon Ingilishi, ba ya gaisawa da Ba'amurke a ofis, ba ya son kowa ya faɗa masa yadda aka tashi.

Kuma akwai alwashi a kai. Ya sha faɗa a gabanmu: "Shekarar da yarana suka ci wasan ƙarshe, ranar zan tuɓe hular nan in koma Katsina. Ba zan shiga gida da kaye ba." Muna dariya, amma ni na san abin da ke ƙasa. Iyayensa duka biyu sun rasu yana waje, bai ga jana'izar ko ɗaya ba, kuma tsoron ganin ɗakunansu wayam yake yi. Ƙanwarsa Hajiya Bilki ta yi aiken har ta gaji. Duk shekarar da yaran nan suka faɗi, Malam ya sami dalilin ƙara shekara guda a Faris, kuma abin yana ba ni tausayi ko a lokacin.

Kuna tuna Sabi'u, Bakanon nan da ya zo ƙaro karatun likita? Shi ne bai san doka ba. Ya iske mu a bakin shagona, ya ga hula, ya gane makarantar, sai ya langaɓe kai.

"Ayya Malam, sori fa. Na gani a jarida jiya, ashe..."

Bai rufe baki ba Malam ya cusa yatsu a kunne, ya ɗaga murya da "A'uzu billahi!" har Larabawa masu sayar da lemo suka juyo. Ya zuba a guje, ya haye matakala, ya faɗa jirgin da ya fara tsayawa, wanda ma ba hanyar gidansa ya nufa ba. Da yamma na same shi na ce, "Haba Bakatsine, ai ka ji ya ce sori. Mi ya rage kuma?"

"Kai Bagobiri, ka san Bakano? Ko tuntuɓe ka yi sai ya ce sori. Wataƙila koci ne ya yi mura. Ba a tashi ba tukuna!"

Wannan kalma ita ce bakinsa. Ko shayi ya zube masa sai ya ce ba a tashi ba tukuna.

To, ga wata matsalar. Kaset ɗin Amurka ba ya yi a bidiyon Faransa, sai layi-layi da ƙara. Duk cikin mutanenmu mutum ɗaya ne yake da na'urar da ke cin kowane irin kaset, Alhaji Mamman Sani, mutumin Damagaram, mai aika rediyo da bidiyo zuwa Yamai. Shi kuwa a Lyon yake, can saman wani dogon bene a unguwar Minguettes. Don haka kowace shekara sai mun yi tattaki. A lokacin an riga an buɗe jirgin nan mai gudun tsiya, amma Malam ya ce allambaran, sai tsohon jirgi mai tsayawa a kowane ƙauye, wanda ya fi araha. Ya ƙulla dambun nama a leda, kaset a aljihun ƙirji.

Na ce, "Malam, mu hau mai sauri mana, ƙugu na ciwo."

"Saurin me? In nasara ce tana jiranmu. In kaye ne, in biya kuɗi don in same shi da wuri?"

Zuwanmu na farko ba zan manta da shi ba. Alhaji ya shimfiɗa darduma, Hajiyarsa ta aiko da shinkafa da miyar gyaɗa, aka kunna. Alhaji ya ƙura ido ya ƙura ido, sannan ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon, Malam, yaushe za su gama faɗan su fara ƙwallon?" Malam bai ko ji shi ba. Yana durƙushe gaban talabijin yana kiran yaran da sunayensu, yana faɗa wa koci abin da zai yi. Da wasa ya zo ƙarshe, saura ƙiris, aka ba wani siririn yaro ya buga ƙwallon ta wuce tsakanin sanduna biyu. In ta shiga sun ci. Sai Malam ya ɗaga hannu sama ya fara addu'a, da gaske fa, har da hawaye.

Alhaji ya kasa haƙuri. "Malam, ka ji tsoron Allah. Wasan nan an gama shi tun watan jiya. Yaran nan har sun wanke rigunansu."

"A wurinsu aka gama, Alhaji. A wurina ba a tashi ba. Kuma Allah da ya san zan roƙa yau, ai tun watan jiya ya sani. Ku ce amin!"

Muka ce amin, me za mu yi? Yaro ya buga, ƙwallo ta bi gefe ta yi waje. Sai Malam ya ce a hankali, "Alhaji, mayar baya." Aka mayar. Yaro ya sake bugawa, ta sake bin gefe. "Ƙara mayarwa." Da ta sake fita, ya girgiza kai ya ce, "Kai, yaron nan akwai taurin kai. An ba shi dama har uku!"

Alhaji ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa.

Sai tsimi. Ku kun san Malam ba marowaci ba ne, amma ba ya son asara. Kaset guda ɗaya tal yake da shi. In mun gama kallo sai ya naɗe shi ya mayar wa tsohuwa Amurka, ta ɗauki wasan baɗi a kan na bana. Na ce ya sayi sabo mana, ya ce, "Ni ba na ajiye kaye a ɗakina. A shafe shi!" To wata shekara an yi wa yaran Malam dukan da tun rabin wasa Alhaji ya tashi ya tafi alwala. Ashe can Amurka tsohuwa ta kashe na'urar ɗaukarta da wuri, ina jin ita ma ta ƙosa. Hoto ya yi rawa, sai ga wutsiyar tsohon wasa ta fito, siririn yaron nan yana shirin bugu. Wallahi Malam ya gyara zama! Ƙwallo ta bi gefe kamar yadda ta saba. Na ce, "Barka Bakatsine, kaye biyu a kuɗin jirgi ɗaya. Wagga ita ce riba." Haushina ya yi ta ji a jirgin komawa har muka wuce garin Dijon.

Haka muka yi ta yi har ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da ciwon hanta ya kama shi. Ya rame, babbar riga ta yi masa yawa, hula ce kawai ta zauna daidai. Sabi'u, wanda a lokacin ya zama cikakken likita, ya ja ni gefe ya ce in akwai wanda Malam yake son gani a gida, a hanzarta. Na yi masa maganar Katsina, ya ce kaset bai iso ba.

Da ya iso muka haɗu a tasha. Sai na ga ya nufi wurin jirgi mai sauri, tikiti biyu a hannunsa. Ban yi masa tsiya ba. A nan ne na san shi ma ya sani.

Ranar a ɗakin Alhaji bai durƙusa ba, a kujera ya zauna da bargo. Kuma abin mamaki, yaran nan suka yi wasa kamar an canza su. Aka tafi hutu suna gaba. Aka dawo suna gaba. Alhaji, wanda shekara da shekaru yake cewa kokawa ce, sai ga shi tsaye yana ihu, "Kama shi! Kayar da ɗan banza!" Saura kaɗan a tashi, tazara 'yar ƙarama, sai ƙwallo ta koma hannun abokan gaba, suka fara matsowa. Mu duka mun san irin wannan wuri. A nan ake yi mana ita kowace shekara.

Sai Malam ya ce, "Alhaji, tsayar."

Alhaji ya danna. Hoto ya tsaya cak, ga lambobin maki a ƙasan hoton, yaran Malam ne a gaba.

Na ce, "Malam, ba a tashi ba tukuna hwa."

Ya daɗe yana kallon lambobin nan. Sannan ya kai hannu ya tuɓe hula, abin da ban taɓa gani ba, ya ɗora ta a kan bidiyon.

"A wurinsu ne ba a tashi ba," in ji shi. "A wurina an tashi. Mun ci. Bagobiri, bawana, gobe ka nemo mini jirgin Kano."

Ya isa Katsina. Hajiya Bilki ta ce ya shiga ɗakin mahaifiyarsu ya zauna shi kaɗai, ya fito ya nemi fura. Bai kai damina ba Allah ya karɓi abinsa, a gidansu, aka kai shi kusa da iyayensa.

Kaset ɗin yana nan a kabad ɗin Alhaji tare da hula, a inda aka tsayar da shi, ba wanda ya ƙarasa. Bayan sadakar arba'in Sabi'u ya same ni a shago ya ce, "Baba Garba, ni fa na san yadda wasan nan ya ƙare." Ban san sanda yatsuna suka shige kunne ba, a tsakiyar Barbès, da girmana.

Allah ya jiƙan Malam Hamisu, ya yafe masa kurakuransa, ya haɗa shi da iyayen da ya daɗe yana kunyar fuskanta. Allah ya sa can da ya tafi, an tashi yana gaba. Amin.